Zuƙa ka yi dama, hura ka yi hagu

Ni da ruwan da na sani bai wuce na kududdufin damina ba, sai ga shi a shekarar ƙarshe ta karatun injiniya a Ingila an tura ni koyon aiki bakin wani tafki, wurin wata ƙungiya da ke koya wa masu lalurar nakasa tuƙa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska. Aikina kula da akwatin lantarkin da ke ba wanda hannu da ƙafa ba sa motsi damar sarrafa jirgi da numfashinsa.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana sa bututu siriri a bakin matuƙin, ɗaya ƙarshen yana haɗe da na'urar da ke jin ƙarfin iska. In ya zuƙa, ƙaramin injin lantarki ya karkata akalar jirgin gefe guda, in ya hura ya karkata ta ɗaya gefen. Haka ma igiyar ƙyallen da iska ke turawa, a ja ta ko a sassauta. Jiragen kuma ana rataya musu dalma mai nauyi a ƙasa don kada su kife, irin Martin 16 da aka ƙera a Kanada. Can ɗin ne harkar ta yi jijiya, tun da Sam Sullivan, wanda ya karya wuya a wasan zamiyar ƙanƙara yana ɗan shekara 19, ya kafa ƙungiyar tuƙi ta nakasassu a Bankuba a 1989. Daga baya har magajin garin birnin ya zama.

A tafkin nan kowa ya san labarin Hilary Lister. Wata cutar jijiya ta bi ta sannu a hankali har ya zama kanta kawai take iya motsawa. Ta fara shiga jirgi a 2003, ranar 23 ga Agustan 2005 kuma ta tsallaka mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa cikin awa 6 da minti 13, da bututu a gaban bakinta. A 2009 ta zagaye Birtaniya, zango-zango, da bututu uku. Ina jin labarin, amma hankalina a kan wayoyi da batir yake, ba a kanta ba.

Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijo ne da hatsarin babur ya zaunar shekaru da dama. Makon farko na lura jirginsa na yawan yin kwana-kwana, in iska ta kaɗa kwatsam sai ya makara wajen gyara akala. Na ce a raina ga inda karatuna zai yi rana. Na kwana biyu ina rubuta wa akwatin umarni, na haɗa masa kamfas, ta yadda da jirgin ya kauce zai miƙe da kansa. Ban gaya masa ba, wai zan ba shi mamaki.

Bai yi minti goma a ruwa ba ya nemi jirgin rakiya ya dawo da shi. Ya tambaye ni me na taɓa. Na yi masa bayani ina murmushi. Sai ya ce, ba da faɗa ba, tun da gari ya waye wani ne ya juya shi a gado, wani ya yi masa wanka, wani ya sa masa cokali a baki, wani ya ɗaga shi da majanyi ya ajiye a jirgin nan. Wannan awa ɗayar ce kaɗai a mako da in abu ya karkace shi ya karkatar da shi. "Mayar min da kwana-kwanata," in ji shi.

Kunya ta hana ni cin abincin rana. Da na koma na sake duba tsarin Hilary, sai na ga ita ma tana da na'urar riƙe hanya a jirginta, amma bututu na uku ne ke kunna ta, wato ita ke cewa yanzu, ita ke cewa ya isa. Tawa kuwa ta ƙwace akala ba sallama.

Sauran watannin a kan abubuwan da da nake rainawa suka ƙare. Yawu na taruwa a bututu ya toshe shi, dole a sa masa ɗan tarko a riƙa zubarwa. Danshi na cin kan wayoyi. Babban abu kuma, numfashin wanda ya samu rauni a laka ta wuya ba shi da ƙarfi, yana kuma raguwa in ya gaji, don haka ma'aunin da ya yi masa daidai da safe kan yi masa nauyi da la'asar. Wannan ban gano shi a allon kwamfuta ba. Shi ya faɗa min, bayan na koyi zama kusa da kekensa da littafi, ina tambaya kafin in ɗauki sukundireba.

Ranar da zan bar wurin ya ce in shiga jirgin in gwada, a ɗaure min hannuwa a cinya. Sau uku ina tura hancin jirgin cikin ciyawar bakin tafki, yana daga kan gada yana dariya har sai da mai kula da shi ta share masa hawaye.