Kwasa-kwasan GST da na raina

Ƙannena da kuka samu gurbin karatu a KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ko ABU ko wata jami'a, za ku tarar da kwasa-kwasan GST, wato darussan gama-gari, da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta wajabta wa kowa, ɗan likitanci ne ko ɗan lissafi. Akwai Turancin sadarwa, al'ummu da al'adun Najeriya, falsafa da mantiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, sai koyon kasuwanci. 'Yan ajin gaba za su ce muku kwasa-kwasan cika maki ne kawai. Haka aka faɗa mini, na kuwa hau na zauna.

Ba na shiga lakca sai na ji za a ɗauki sunaye. Jarrabawa na matsowa in sayi tsofaffin tambayoyi wurin mai fotokwafi in haddace. Na ci, amma ban fita da komai ba.

Bayan bautar ƙasa na samu aiki a wani kamfani a Kakuri. Wata rana oga ya ce in rubuta masa rahoto a kan dalilin da kaya ke makara. Na cika shafi uku da manyan kalmomi. Ya maido mini da tambaya biyu da jan biro: "Ina matsalar take? Me kake so in yi?" Wata dattijuwar sakatariya ce ta zaunar da ni bayan an tashi. Ta ce, "Ɗana, faɗi matsalar a layin farko, ka bi ta da dalili, sannan abin da kake nema." Wallahi wannan shi ne abin da malamin GST ya yi ta nanatawa ina can bayan zaure ina hira. A wurin aiki ba wanda ya taɓa tambayata makina, amma kullum sai an ce in rubuta wasiƙa ko in taƙaita abin da aka tattauna a taro.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kwas ɗin zaman lafiya. Mu 'yan Kaduna mun san abin da rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka yi wa garin nan, yadda mutane suka yi ta ƙaura har kogi ya zama kamar iyaka. A Tudun Wada na tashi, kuma har na gama sakandare ba ni da aboki ko ɗaya a Sabon Tasha. Ga shi jami'a ta haɗa ni aji ɗaya da Bajju da Atyap da Gbagyi, aka ba mu aikin rukuni, ni kuwa na biya kuɗin bugawa aka sa sunana, shi ke nan. Da aka ba ni shugabancin ma'aikata, biyu suka saɓa a kan wanda zai tsaya aiki ranar Juma'a da wanda zai tsaya Lahadi. Na yanke hukunci kafin in ji ta bakin na biyun. Magana ta koma ta addini, aka yi watanni ba sa gaisawa. Da na saurari kowa shi kaɗai, da na gane lokacin ibada kawai kowannensu yake so a ba shi, abin da jadawali zai warware.

Mantiƙi kuwa, ko don saƙonnin WhatsApp da ke sa a rufe shaguna a Kasuwar Gumi kan jita-jita, ya isa ku koyi tambayar wa ya gani, ina hujja.

Don Allah ku riƙa zuwa da wuri ku kama kujerar gaba, domin zauren cika yake yi kuma na baya ba ya jin komai. In an raba rukuni, ku shiga na waɗanda ba unguwarku ɗaya ba, ku karɓi aikin rubuta rahoton da hannunku, ku kai wa malami ya yi muku gyara da jan biro tun ba albashinku ne a kai ba.