Amai ya tsaya, amma cikin karena bai lafa ba

Ina da gona a hanyar Mai'adua idan ka fito daga Daura, da 'yan tumaki da kaji, kuma kare ne ke gadinsu da dare. Bayan Babbar Sallah yara suka tara masa kitse da ƙasusuwa da ragowar soye, ya ci ya yi nak. Washegari sai amai da zawo. Wannan bai ɗaga mini hankali ba, duk mai kare ya saba gani. Yadda ya koma bayan aman ya tsaya ne ya dame ni.

Kare ba ya yawan kuka don ciwon ciki, jikinsa ne ke faɗa. Nawa sai ya kwantar da ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa, ya bar gindi a sama, ya daɗe a haka. Lafiyayyen kare ma yana yi idan yana miƙa ko neman wasa, amma nan take yake tashi yana kaɗa wutsiya. Wannan kuwa wutsiya a sake, ido a lumshe. In ya tashi tafiya sai ya yi doro, yana taku a hankali. Ya kwanta nan, ya tashi, ya koma can, wuri ya ƙi karɓarsa. Yana ta lasar leɓe, miyau na dalala, cikin na ƙugi har ina ji daga inda nake zaune.

Na sa yaron gona ya riƙe masa kai, don kare mai ciwo ko ubangidansa yana iya cizo. Na shafa cikin da tafin hannu, ban danna ba. Da na zo bayan haƙarƙari sai ya ɗaure ciki tamau, ya yi ƙara, ya waiwayo. Na ɗaga leɓensa na duba dasashi: da sauran ja, sai dai ya bushe yana kama yatsa. Fatar wuyansa ma da na ja ta na saki, ba ta koma da sauri ba. Ruwan jikinsa ya ragu ke nan.

Yaron ya ce, "Baba, a jefa masa farasitamol mana." Na hana. Shi da ibuprofen da diclofenac da muke sha kamar gyaɗa suna iya lalata wa kare hanta ko ƙoda, ko su ƙwaƙule masa tumbi.

A asibitin dabbobi likita ya auna zafin jikinsa, ya ce na lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne da 39.2 a ma'aunin Salshiyas. Zarginsa ya fi karkata ga kitsen, wanda kan kumbura wani sashen ciki da ake kira fankiriyas, ko da yake dafaffen ƙashi ma yana tsagewa ya soki hanji. Ya ƙara masa ruwa, ya yi masa allura. Ya kuma ja mini kunne: "Alhaji, in ka ga ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana kakarin amai ba abin da ke fita, kada ka jira gari ya waye. Tumbi ne ya murɗe, cikin awoyi yake kisa." Haka ma, in ji shi, kada a jira in dasashi ya yi fari, ko an ga baƙin kashi, ko zawon jini mai wari ga kwikwiyo, wanda galibi cutar parvo ce.

A gida ruwa kaɗan-kaɗan na riƙa ba shi, sannan farar shinkafa da dafaffiyar tsokar kaza, ba mai, ba Maggi, ba albasa, domin albasa da tafarnuwa guba ne ga kare. Cokali kaɗan sau da yawa a rana, har kashinsa ya daidaita, kafin na mayar da shi kan tuwon da ya saba.