Kafin ka sayi RAM saboda matse bidiyo

Yawancin masu ɗaukar bidiyon biki, da zarar kwamfuta ta fara nawa wajen matse fayil, wato rage girmansa, sai su nufi kasuwa neman ƙarin RAM, ma'adanar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai na ɗan lokaci. Sana'ata ke nan, biki da walima da saukar karatu, kuma raina na sosuwa in na ga ɗan'uwa ya zuba kuɗinsa inda ba zai ga canji ba.

Lokacin da HandBrake, manhajar matse bidiyo, ke aiki, danna Ctrl da Shift da Esc ka duba Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin da kowane sashe na kwamfuta ke yi, da idonka. A tawa mai RAM gigabait 8, in na sa bidiyon 1080p, furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, na hawa kusan kashi 100 ta tsaya a can, shi kuwa RAM da sauran fili.

Dalili shi ne manhajar ba ta kwashe bidiyon duka ta zuba a RAM. Bidiyo hotuna ne a jere, 25 ko 30 a daƙiƙa, kaɗan-kaɗan take ɗiba. Hoto ɗaya na 1080p, in an warware shi, kusan megabait 3 ne. Shi x264, injin cikin HandBrake da ke matse bidiyo zuwa tsarin H.264, a saitin medium (matsakaicin sauri) yana leƙen hotuna 40 na gaba kafin ya yanke yadda zai yi da wanda ke hannunsa. Wajen megabait 120 ke nan. Ko an haɗa da sauran abin da yake riƙewa, bai kama ƙafar gigabait 8 ba. Shi ya sa bidiyon awa uku da na minti goma kusan RAM ɗaya suke ci, lokaci ne ya bambanta. A 4K ne labari ke canzawa, don hoto ɗaya ya ninka huɗu, mai gigabait 4 zai ji a jikinsa.

Wahalar tana kan furosesa. Ita ke gwada kowane hoto da maƙwabtansa, tana neman abin da ya motsa don ta ajiye bambancin kawai. In amarya na zaune, labule a bayanta ba ya motsi, aikin gudu yake. Amma a shiga filin rawa, fitilu na canza launi, ana liƙi kuɗi na tashi sama, mai kyamara na bin jama'a, nan za ka ga adadin hotunan da take gamawa a daƙiƙa ya sauko, fanka ta fara kuka.

Wannan kashi 100 ɗin ba ciwo ba ne, aikinta take. Zafi nake tsoro. In ta doshi digiri 100, furosesa da kanta take rage gudu don kar ta lalace. A zafin Afrilu na Kano, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga kwamfuta a kan katifa, ai dole ta yi nawa. Ni a kan tebur nake ɗora ta, in ɗaga bayanta iska ta shiga, caja a jone.

In na WhatsApp ne, Quick Sync nake zaɓa. Wani sashe ne na musamman da Intel ta fara sakawa a furosesarta a 2011, masu katin hoto na Nvidia kuma suna da makamancinsa, NVENC. Yana da sauri sosai, sai dai in girman fayil ɗaya ne, x264 ya fi shi tsaftar hoto. Don haka kwafin da iyali za su ajiye, x264 nake sa wa a saitin slow, mai aiki a hankali, in bar shi ya kwana yana yi, in akwai wuta.

Wani lokaci ma matsewar ba ta da amfani. In fayil nau'in MKV ne talabijin ta ƙi buɗewa alhali H.264 ne a ciki, manhajar FFmpeg da umarnin -c copy za ta mayar da shi MP4 ba tare da taɓa hoton ba, cikin lokacin da za a kwafi fayil ɗin kawai.