Jinin da na gani a kashin Duna kwana uku da Sallah

Duna karen gadinmu ne. Shekara biyu ke nan da maigida ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo daga wata gona a Rigachikun, bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu a wata guda. Zuwan farko kaji suka kwashe, na biyu suka kwance injin jan ruwa. Mu a ƙarshen Mando muke, bayan gidanmu fili ne fetal. Tun da Duna ya fara haushi ba a sake haurowa ba. Ba ya shigowa cikin gida, yana da ɗan ɗakinsa na langa-langa kusa da kejin kaji, babban ɗana ne ke masa wanka yana cire masa kaska. Abincinsa kuwa daga kicin ɗina yake fita, ni nake zubawa.

Kowa ya san yadda gida yake a Babbar Sallah. Ana suya, ana babbakar kai da ƙafa, kwanuka sun taru. Duk abin da ya rage a faranti, da ƙasusuwan haƙarƙari da aka soya suka bushe ƙayau, da ƙashin kajin da na yi wa baƙi farfesu, da kitsen da ya kwanta a gindin kasko, da ragowar miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, duk a roba ɗaya na riƙa tarawa ina miƙa wa yaron ya kai masa. Har cikin raina gani nake na kyauta masa, shi ma ya yi Sallah.

Kwana uku da Sallah, da hantsi, yaron ya shigo ya ce, "Umma, zo ki ga Duna." Na same shi kwance ya ɗora kai a kan ƙafafunsa na gaba, ko jela bai kaɗa ba. Gefen katanga ga kashinsa, ruwa-ruwa, da wata majina a kai da jini ja. Ba mai yawa ba ne, amma jini ne. Can gefe kuma ga inda ya yi amai. Muna tsaye ya tashi ya sake tsugunnawa yana yunƙuri, bayansa ya lanƙwashe, ɗigo biyu suka fito. Ya juyo ya kalle ni. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Baba maigadin layinmu ya leƙo ya ce, "Hajiya, guba ya ci. A ɗura masa manja, a fasa masa kafson maganin nan ja da yalo guda biyu, a haɗa da farasitamol, zuwa yamma zai miƙe." Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka ya ga ana yi. Har na aika a ɗauko manjan, sai maigida ya ce a dakata, gara a kai shi wurin masu abin. Masu Keke Napep biyu muka tsayar, kowanne da ya ga kare sai ya ja kekensa. Ƙarshe buhu muka shimfiɗa a bayan mota. Yaron ya kwashi kashin a leda, kuma wannan dabarar tasa ta yi rana.

Likitan dabbobin da muka samu a buɗe cikin gari bai fara da allura ba, tambaya ya fara. Jinin ja ne ko baƙi? Na ce ja. Ya ce ja yana nuna daga ƙarshen hanji yake fitowa, kusa da mafita. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai wari, domin wannan jini ne da ya zubo tun daga ciki ko farkon hanji har ya narke a hanya, kuma mutane ba sa gane jini ne. Ya ɗaga leɓen Duna ya nuna mini dasashinsa, ya danna da yatsa wurin ya yi fari, ya saki jan ya dawo. Ya ce in koyi wannan: dasashin kare mai lafiya ja-ja ne, in ya koma fari fat jini ya yi ƙasa, ba a kwana da shi a gida.

Sai ya ce, "Hajiya, me ya ci tun ranar Sallah?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na lissafa masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Ledar ya buɗe, ya sa tsinke ya tono wasu farare-farare masu tsini kamar an fasa tangaran. Ƙashin kaza ne da na rago. Ya ce ƙashi in ya dahu ko ya soyu bushewa yake, kare na tauna shi sai ya tsage ya zama tsinke-tsinke, ya bi hanji yana karta. Wani ya toshe, wani ya huda, kuma in ya huda sai aiki, mai yiwuwa har a dangana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ni da na tashi na ji ana cewa kare da ƙashi, ban taɓa kawowa akwai bambanci tsakanin ɗanye da dafaffe ba. Kitsen ma ya ce shi kaɗai ya isa ya jawo amai da gudawa.

Maganar albasa ce ta fi tsaya mini a rai, don wace miya ce a gidan Bahaushe babu albasa? Ya ce albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba a take ake gani ba, sai bayan kwanaki kare ya yi laushi, ya riƙa haki, fitsarinsa ya yi duhu. Kuma kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa ya yi illa. Shekara biyu ina juye masa ragowar miya da dafa-duka. Ko yajin tsire da ake kaɗe masa a takarda bai tsira daga wannan ba.

Sauran ya lissafa mini su da sauri ina rubutawa a waya. Cakulan, musamman mai duhu, saboda wani sinadari da jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri, yana sa bugun zuciya da karkarwa. Goro ma yana da irinsa, haka kofi. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Cingam marar sukari, wani yana ɗauke da abin zaƙi da ke zubar da sukarin jinin kare nan take. Da na ambaci shawarar Baba maigadi sai ya girgiza kai. Ya ce magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, gyambo suke yi a cikin kare, su ne ma ke kawo baƙin kashin nan, farasitamol kuma hanta yake taɓawa. Manja ba ya kashe guba, in aka ɗura da ƙarfi ma yana iya bi ta hanyar numfashi. Ya tambaya ko muna sa maganin ɓera a wajen kaji, domin wani nau'insa hana jini daskarewa yake, sai bayan kwana 3 zuwa 5 kare ya fara zubar da jini. Mun sa a baya, Allah ya taimaka ba a lokacin ba.

Ya nemi katin rigakafi, maigida ya ciro daga mota. Da ya ga an yi masa na cutar karnuka da ake kira farbo (parvo) sai ya ce alhamdu lillahi. Wannan cutar ta ɓulla a duniya a 1978, kuma ita ce ke kwashe ƴan kwikwiyo: amai, gudawar jini mai ɗoyi, cikin ƴan kwanaki sun bushe. A nan na gane abin da ya kashe ƴan kwikwiyon maƙwabtanmu uku a daminar bara, waɗanda aka ce sammu ne. Ƙwayar tana zama a ƙasa wata da watanni, sai an wanke wurin da ruwan Hypo. Rigakafin ana farawa ne kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har ya kai mako 16. Na haukan kare daban yake, shi ma ba a wasa da shi.

Da ya duba kashin a madubin awo sai ga wani abu kuma: ƙwayayen tsutsar ciki, irin mai kama bangon hanji tana tsotsar jini. Rabon da a ba Duna maganin tsutsa har mun manta. Likitan ya ce ƴaƴan tsutsar nan suna zama a ƙasa mai laima, suna iya huda fatar ƙafar yaro mai yawo ba takalmi. Na tuna autata da ke wasan ƙasa a bayan kejin nan kullum yamma, jikina ya yi sanyi.

Allurar tsayar da amai ya yi masa, ya ba da maganin tsutsa da za a maimaita bayan mako 2. Ya ce a ba shi ruwa mai tsabta, sannan farar shinkafa da tsokar kaza dafaffiya, ba ƙashi, ba mai, ba albasa, kaɗan-kaɗan na ƴan kwanaki. In kashin ya yi baƙi, ko cikin ya kumbura, ko ya daina sha, mu dawo ko da tsakar dare ne.

Daren nan sau uku na leƙa da tocila. Ni da ba na taɓa shi, ni ce na sa yaron ya ɗaga mini leɓensa in duba dasashin. Na tuna hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, na ji nauyin abin ya sauko mini: dabbar da muka ɗaure take kwana a farke don mu yi barci, ba ta da zaɓin abin da za ta ci sai abin da na zuba.

A rana ta uku jinin ya tsaya. A ta huɗu ya yi wa mai kwasar bola haushi.

Yanzu tukunyarsa daban take. Kafin in sa albasa a girki nake ɗibar nasa, tuwon masara ko shinkafa da ɗan kifi da aka cire wa ƙaya, ko tumbi dafaffe, wani lokaci da kabewa. Ƙasusuwa a leda nake ƙullewa a fitar da su waje, don ya iya tone bola. Kashinsa ana kwashewa kullum da safe, autar kuma ba ta zuwa bayan keji sai da silifas. Baba maigadi na da al'adar jefa masa guntun goro in ya zo wucewa, na same shi na yi masa bayanin abin da likita ya ce. Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah, goro ma, Hajiya?" Jiya na hango shi ya tsaya a bakin get, ya gutsuro ƙosai daga cikin takarda ya jefa masa.