Tikitin da na sayar wa ɗan Tibiri

Ajans ɗinmu ɗaki biyu ce kusa da babbar kasuwar Maraɗi, kuma abin da muka fi yi shi ne tikitin Umra da na Dubai da na ƴan kasuwa masu zuwa Sin sayen kaya. Na fara zama gaban kwamfutar a 2017. Masu ƙetare Tekun Atilantika zuwa Amurka ko Kanada ba su da yawa a wurinmu, wani watan biyu, wani watan ba ko ɗaya. Amma a kansu na koyi aikin, kuma ba da daɗi na koye shi ba.

A watan Agusta na 2018 wani dattijo daga Tibiri ya shigo da ɗansa. Yaron ya samu gurbin karatu a Kebek, lardin Kanada da birnin Montreyal yake ciki, bizar Kanada ta fito a makare, saura kwana 12 a buɗe makaranta. Dattijon ya zauna, ya ajiye baƙar leda a kan teburina, ya ce, "Ɗana, bijimai biyu na sayar. Wannan shi ne abin da ya rage bayan kuɗin makaranta. Ka nemo mana mai sauƙi." Ƙarshen Agusta kuwa lokaci ne da tikiti ke tsada ƙwarai, ɗalibai na komawa, masu hutu na komawa. Na daɗe ina dube-dube har na ci karo da wani da ya gaza sauran da jika 140. Zai tashi daga Yamai, ya sauya jirgi sau biyu, na biyun a Niyu Yok, ya jira awa 3 kawai, sannan ya wuce Montreyal. Na ji daɗi har cikin raina. Dattijon ya sa mini albarka, na fitar da tikitin.

Yaron ya hau mota, ya yi tafiyar nan ta kilomita wajen 660, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, har Yamai. Da daddare wayata ta yi ƙara. Ya ce, "Yaya, sun ce ba zan hau ba. Wai ina bizata ta Amurka."

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma ya wajaba in sani, shi ne Amurka ba ta da ɗakin masu wucewa irin na Kasablanka ko Istambul, inda mutum zai sauka ya zauna ya jira jirginsa ba tare da ya shiga ƙasa ba. Duk wanda jirginsa ya sauka can, sai ya bi ta gaban jami'an shige da fice, ko da awa ɗaya zai yi. Tun 2003 suka dakatar da tsarin wucewa ba biza. Mai fasfon Nijar da zai je Kanada ta Niyu Yok sai yana da bizar Amurka, ko da ta wucewa ce. Kwamfuta ba ta tambaye ni wane fasfo yaron ke riƙe da shi ba, farashi kawai ta nuna mini. Ni ya kamata in tambaya.

Tikitin irin wanda ba a maida kuɗinsa ne, harajin filin jirgi kawai ya dawo. Maigidana Alhaji ya biya wani kaso, aka riƙa cire wani daga albashina, dattijon ya ciwo bashi ya cika sauran. Muka sayi sabo ta Kasablanka kai tsaye zuwa Montreyal, yaron ya isa an yi mako da fara karatu. Da na je Tibiri ba da haƙuri, dattijon cewa ya yi, "Ƙaddara ce, ɗana, ai ba da gangan ka yi ba." Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Har yau idan na ga ana kora bijimai zuwa kasuwa, ledar nan nake tunawa.

Daga nan na canza yadda nake aiki. Kafin in taɓa kwamfuta, takarda nake ɗauka in yi tambayoyi. Wane fasfo, wace biza, wa zai tarbe ka, kaya nawa, ka taɓa hawa jirgi, kana jin Faransanci ko Ingilishi. Sannan in rubuta kuɗin tafiyar tun daga tashar mota ta Maraɗi har ƙofar gidan da za a sauka: kuɗin mota, kwana a Yamai, abincin da za a ci a wurin jira, kuɗin balis idan tikitin bai haɗa da shi ba, motar da za ta ɗauke shi a can. Sau da yawa tikitin da ke sama a jerin masu araha yakan faɗo na uku ko na huɗu idan an gama wannan lissafin.

Hanyoyinmu ma ba su da yawa. Tun da Air France ta daina zuwa Yamai a Agustan 2023, hanyar Paris da manyanmu suka saba ta fita daga lissafi. Royal Air Maroc na kai mutum Kasablanka cikin awa 3 da wani abu, daga can kuma awa 7 zuwa 8 ya isa Montreyal ko Niyu Yok. Turkish Airlines sai ta yi gabas da kai zuwa Istambul tukuna, sannan ka dawo yamma awa 10 ko fiye. Ethiopian ta Adis Ababa ta fi su nisa, kuma jirginta mai zuwa Washinton yakan tsaya shan mai a Turai, saboda birnin Adis yana kan tudu sama da mita 2,300, jirgi ba ya iya tashi daga can da cikakken nauyi. Akwai kuma ASKY zuwa Lome, a haɗu da jirgin Ethiopian mai ƙetarawa daga can. Wani abin da matafiya kan yi mamaki shi ne dawowa ta fi zuwa sauri da kusan awa guda. Iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, tana tare jirgi in zai tafi, tana tura shi in zai dawo.

Mu mutanen Maraɗi muna da wata ƙofar da ƴan Yamai ba su da ita: Kano ta fi mana kusa. Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, ba a cika kilomita 300 ba an isa. Wani lokacin tikiti daga Kano ko Legas yakan fi sauƙi, musamman idan naira ta faɗi, kuma daga Legas jirgin kamfanin Delta na zuwa Atlanta ta Amurka ba tsayawa. Ina duba wannan hanyar kullum. Sai dai rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2023 har Maris na 2024 ya nuna mana cewa tikitin da ke bayan iyaka ba a hannunka yake ba tukuna. Kuma idan ka sayi Kano zuwa Legas daban, Legas zuwa Amurka daban, ka shiga haɗarin da na fi tsoro bayan maganar biza.

Tikiti ɗaya, lamba ɗaya mai haruffa 6, yana nufin kamfanin ya ɗauki alkawarin kai ka har ƙarshe. Jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, su za su sa ka a wani, kayanka kuma suna tafe da sunan garin ƙarshe. Tikiti biyu da aka liƙa da juna kuwa, kamar yadda wasu shafukan intanet ke yi don farashi ya faɗo, alkawari biyu ne da ba su san juna ba. Na farko ya makara, na biyu ya rubuta cewa ba ka zo ba, kuɗinka ya tafi, har da na dawowa, don duk wanda bai hau zangon farko ba ana soke masa sauran. Ga shi sai ka fita ka karɓi kayanka ka sake shigar da su, wato ka shiga ƙasar, wato biza kuma. Ban ce kada kowa ya yi ba. Akwai wani ɗan kasuwa da ke zuwa wurinmu, ya san filayen jirgi kamar yadda ya san layukan kasuwa, yana da bizoji, jaka ɗaya yake ratayawa, yakan bar kwana guda tsakanin tikiti biyun. Shi yana cin ribar abin. Amma ba zan sayar wa ɗalibin da bai taɓa fita Nijar ba irinsa.

Wadda ta ƙara buɗe mini ido wata Hajiya ce da za ta je Amurka jegon ɗiyarta, shekara ɗaya bayan abin da ya faru da ɗan Tibiri. Surukinta ya turo mini hoton wani tikiti mai araha, ya ce shi za a saya. Sauyin jirgi biyu, jira awa 14 a ɗaya, kuma ba kaya sai jakar hannu. Na dubi Hajiya, ta haura shekara 60, gwiwa na damunta, Hausa kaɗai take ji. Na ce, "Hajiya, me za ki tafi da shi?" Ta fara lissafi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa, gero na kunu, atamfofi, kayan jariri, kilishi. Tikitin da muka saba sayarwa daga nan zuwa Amurka yakan ba da balis biyu, kowace kilo 23. Wanda surukin ya zaɓo kuwa kowace balis sai an biya, zuwa daban, dawowa daban, kuma in aka bari sai a filin jirgi kuɗin ya ƙaru. Da na tara, bambancin da ya rage tsakaninsa da mai sauyi ɗaya bai kai jika 40 ba. Na kira surukin na ce masa a kan jika 40 ne za a bar tsohuwa ta kwana a kan kujera a ƙasar da ba za ta iya tambayar inda ake alwala ba. Ya yi shiru, ya ce a sayi ɗayan. Na nema mata keken guragu a kowane zango, wanda kyauta ne in an nema tun wajen saye, kuma amfaninsa ya wuce gwiwa: mai turawa shi zai kai ta har ƙofar jirgi na gaba, ba za ta ɓata ba. Kilishin kuwa na roƙe ta ta bar shi. Amurka da Kanada ba sa barin a shigar da nama daga ƙasashenmu, busasshe ko ɗanye, kuma wanda ya ɓoye aka gani tara ce. Sauran kayan abincin na rubuta mata sunayensu a takarda da Ingilishi, na ce ta miƙa wa ƴan duwan da kanta kafin su tambaya. Ta ji zafin kilishin nan sosai, na Madawa ne ta sa aka yi mata musamman.

Alhaji yakan ce araha ba ta ado, sai ya kawo labarin Air Afrique, kamfanin da ƙasashenmu suka haɗu suka kafa, mai zuwa Niyu Yok daga Dakar, wanda ya durƙushe a 2002. Ni kuma na ga na zamanina: Primera Air a 2018, WOW air ta ƙasar Aisland a Maris na 2019, duka masu ƙetare teku da farashi mai rahusa, duka suka daina aiki dare ɗaya mutane na riƙe da tikiti. Norwegian ma ta bar doguwar tafiya a 2021. Don haka idan mutum zai biya wata huɗu kafin tafiya, nakan duba ko kamfanin na tsaye da ƙafafunsa. Amma ban yarda da Alhaji gaba ɗaya ba. Karin maganar ta fi daɗi a bakin mai hali. Wanda ya sayar da bijimai yana da haƙƙin a nema masa araha da gaske, kuma akwai ta. Tana cikin saye da wuri, wata biyu ko uku kafin tafiya. Tana cikin kauce wa Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba ga wanda tafiyarsa za ta iya jira, a matsa zuwa Fabrairu ko Nuwamba. Wani lokacin matsar da tafiya kwana biyu kacal yakan rage kuɗin da ya fi wanda na yi wa ɗan Tibiri rowa a kansa. Jira mai tsawo a Istambul ko Kasablanka ma araha ce ta halal ga saurayi mai lafiya, in dai tikiti ɗaya ne. Abin da na daina yi shi ne nuna wa mutum lamba ƙarama in yi shiru a kan abin da aka cire kafin ta ƙanƙance.

Suna kuma harafi da harafi nake kwafa daga fasfo, ba daga bakin mai shi ba, don Mahamadou da Mamadou da Mohamed mutum uku ne a wurin kamfanin jirgi.

Bara dattijon nan na Tibiri ya sake shigowa, ya ƙara tsufa, yana tare da ƙanen wancan yaron. Shi ma Kanada, wan ne ya nema masa makarantar. Na yi zaton wata ajans za su je, ga su da yawa a gari. Ya zauna a kujerar da ya zauna wancan karon, ya ce, "Ɗana, mun dawo." A wannan karon watan Mayu suka zo. Na juya musu allon kwamfutar, na ɗauko takarda, muka bi tikiti uku ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa yaron na rubutawa: inda za a sauka, awa nawa, balis nawa, nawa za a cire in an ɗaga ranar tafiya. Mafi arahar cikinsu ta Amurka ya bi, na ja masa layi a gabansu. Dattijon ya zaɓi na tsakiya, ya kwance ledarsa ya ƙirga. Da za su fita ya juyo ya ce uwar yaran ta tanadi kilishi da kuka za a kai wa babban. Na ce, "Baba, kukar ta tafi, ya nuna ta a duwan. Kilishin a ajiye masa a Tibiri sai ya zo hutu."