Auren da aka ɗaura ba takarda

A 2015 ina karatun Larabci a Irbid, can arewacin Jodan, na shiga aikin sa kai da wata ƙungiyar agaji. Irbid ba ta da nisa da Dar'a, garin da rikicin Siriya ya faro a 2011, shi ya sa galibin masu zuwa wajenmu mutanen can ne. Ba a sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari suke ba, ɗakunan haya suka kama a cikin gari.

A shekarar ne gwamnatin Jodan ta ce duk ɗan Siriya da ke wajen sansani ya je ofishin 'yan sanda a sake tantance shi, a ɗauki hoton ƙwayar idonsa, a ba shi sabon katin ma'aikatar cikin gida. Da katin ake ganin likita a asibitin gwamnati, da shi ake sa yaro makaranta. Aikina shi ne in duba takardun iyali kafin su tafi: ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda suke kira "mufawwadiyya", da shaidar inda suke zaune, da takardun haihuwar yara.

Wata safiya wata tsohuwa ta shigo da surukarta, da jariri ɗan wata goma sha ɗaya. Takardar asibiti kawai yaron yake da ita. Na ce, "Khala (wato inna), an ɗaura auren iyayensa?" Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce an ɗaura mana, da waliyyi da sadaki da shaidu. Na yi alama a fom, na tura su ofishin rajistar haihuwa.

Ban ga abin tambaya ba, domin haka muke yi a gida. Liman ya ɗaura, a shafa fatiha, a raba goro, aure ya tabbata. Ban taɓa ganin takardar auren iyayena ba.

Bayan mako biyu suka dawo hannu wofi. Lauyar ƙungiyarmu ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wani shehi ne ya ɗaura auren a ɗaki bayan sun tsallako, ba a kai shi kotun shari'a ba. Ofishin rajista kuwa ba ya rubuta haihuwa sai ya ga shaidar aure. Idan yaro ya wuce shekara ba rajista, sai an shigar da ƙara a kotu. Kuma a Siriya ta wajen uba ɗa yake samun ƙasa, don haka yaron da takarda ba ta haɗa shi da ubansa ba yana iya tashi ba ƙasar da ta san da shi. Mako biyun da na ɓata musu rabin lokacin da ya rage ne.

Uban ya ƙi zuwa kotu da farko. Ya ji ana cin tarar dinari 1,000 kan irin wannan aure, shi kuwa aikin gini yake yi a ɓoye. Sai da lauyar ta je gidansu da kanta. Neman shaidu ma ya ci kwanaki, ɗaya yana Za'atari, sai da ya samo izinin fita.

Daga ranar na canza tambayoyina. Watannin jariri nake fara tambaya, sannan in ce wa ya ɗaura auren, a ina, a nuna mini. Na kuma koyi fara cewa na san aurensu sahihi ne a addini, takardar hukuma kawai muke nema, saboda kunyar da na gani a fuskar surukar nan har yau tana damuna.

Yaron ya cika shekara kafin kotu ta tabbatar da auren, aka bi doguwar hanya, ta ci watanni. Ranar da takardar ta fito, tsohuwar ta kawo ta a naɗe cikin leda biyu. Ta ce, "Ɗana, karanta mini sunan ubansa." Na karanta, ta ce in sake.