Gayyar da na tarar a Mayfield

Yayana da ke zaune a Nashville ta ƙasar Amurka ne ya ja ni. Daga Kaduna na je masa ziyara, ina murnar zan huta, sai ya ce cocinsu na tura 'yan sa kai zuwa Mayfield a yammacin jihar Kentucky don sake gina gidajen da guguwa ta rushe, kuma har ya rubuta sunana. Na ce, "Haba Yaya, baƙo ake sa wa aiki?" Ya ce, "Kai ɗan kafinta ne, tashi mu tafi."

Hanya babu labari, titi ne sumul da gonaki. Sai da muka kusa shiga gari na ga itatuwa tsaye babu rassa babu ɓawo, wani ma da kwanon rufi a nannaɗe a jikinsa. Watanni sun wuce da faruwar abin, amma tsakiyar gari har yanzu fili ne da tarin bulo.

Daren Juma'a 10 ga Disamba 2021 guguwar ta faɗo musu. Kada ka kawo irin wadda ke ɗauke mana shanya da rani a ranka. Wannan ta yi tafiyar sama da kilomita 260 tana sharar ƙasa, iskarta na gudun kusan kilomita 300 a awa, ta kashe mutum 57 a garuruwan da ta bi. A Mayfield, garin da mutanensa ba su wuce 10,000 da ɗoriya ba, ta rushe masana'antar kyandir a kan ma'aikata fiye da 100 da ke aikin dare saboda kasuwar Kirsimeti. Ta kayar da tankin ruwan gari, ta fille hasumiyar agogon kotu, tsofaffin majami'u na jan bulo ma ba su tsira ba.

Da na ga ginin da za mu yi, dariya ta kusa kama ni. Katako zalla! Na ce wa Yaya, mutanen da iska ta yi wa wannan ɓarna za su sake gini da itace? Wani dattijo mai gemu, ɗan ɗariƙar Amish, irin waɗanda ba sa tuƙa mota, shi ya zaunar da ni. Ya nuna mini ƙusoshin ƙarfe da aka dasa cikin kankaren tushe suna riƙe bango, da 'yan ƙarafan da ke ɗaure kowane katakon rufi da bangon, don iska daga rufi take fara ɓalle gida. Na gamsu rabi da rabi. Ni dai har gobe bulo nake so. Amma saurin aikinsu ya ba ni tsoro: bangon da muka haɗa a kwance da safe, kafin la'asar yana tsaye da tagoginsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin. Masu riguna ruwan lemo na ƙungiyar agajin Kirista ta Samaritan's Purse ne, masu rawaya 'yan Baftis ne, ga 'yan ɗariƙar Mennonite da motar kayan aikinsu, kowace guduma da mazauninta. Akwai likita mai ritaya yana shafa fenti, akwai 'yan mata 'yan jami'a a kan tsani. Kowa da kuɗinsa ya sha mai ya zo, a ɗakin coci muke kwana kan gadajen tafi da gidanka, kuma ba wanda ya san mai gidan. Mu ma muna da gayya, sai dai tamu ta dangi ce da maƙwabta, kuma da yini ɗaya an watse. In ruwa da iska suka yaye unguwa a wajenmu, kwamiti ake kafawa, a zo a ɗau hoto da bandir ɗin kwano, sauran kuma sai haƙuri.

Mai gidan tsohuwa ce da ta tsira a cikin bahon wanka da katifa a kanta. Kullum sai ta zo da abinci. Da ta ji daga Afirka nake, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, duk wannan nisa don ni?" Ban iya ce mata hutu na zo ba. Washegari ta kawo naman tunkiya da aka gasa da hayaƙi, abin alfaharin yankinsu. Ya yi laushi, amma sun zuba masa miya mai zaƙi, babu yaji ko ƙanƙani. Mai balangun bakin layinmu zai ce an ɓata nama. Na tambayi kuɗinsa a shago, na buga da naira, na yi shiru.

Mutum ɗaya ne ya ɓata mini rai, wani mai duba gini da ya zo da takarda a hannu. Ko sallama bai yi ba, ya dubi jeren ƙusoshina ya ce tazararsu ta yi yawa, a ƙara, ya juya ya shige mota. Ko dattijon ma bai gaisar ba.

A dawowa mun bi ta Paducah, muka tsaya bakin kogin Ohio muka ci kifi. Tsada. Daga nan barci na yi har Nashville, tafin hannuna duk kanta.